Takalman Mai Hannu

Abin da na fara gani da aka sauke ni a ƙofar gidanmu na Yalwawa shi ne takalma. An yi ruwa da safe, sai masu zuwa gaisuwa suka tura takalmansu ƙarƙashin motar Baba Tsoho don kada su jiƙe: silifas na roba, takalman fata na 'yan ofis, da manya-manyan but irin na ma'aikatan wutar lantarki. Na ɗaga kai na dubi akwatin ƙarfen da ke bayan ɗakin direba, inda takalman motar ita kanta suke zama. Babu ko ɗaya.

Baba Tsoho kakana ne, mahaifin babana. Kafin a je makarantar kwana a ɗauko ni an riga an kai shi makwancinsa. Na Allah muke, wurinsa kuma kowa zai koma. Na yi kuka a hanya har gefen hijabina ya jiƙe, amma ina sauka abin da ya fara zuwa raina shi ne, wa ya kwashe mata takalma?

Ga wanda bai san motar ba, babba ce mai buɗaɗɗen baya, sai dai tsakanin ɗakin direba da bayan akwai wani hannun ƙarfe mai ƙugiya a ƙarshensa. Da shi take ɗaga kaya ta ɗora wa kanta, ta kai inda za a kai, ta sauke da kanta. Mutanen Dutse kuren suke ce mata. A gidanmu sunanta Mai Hannu. Tana da ƙafafun ƙarfe huɗu da suke fitowa daga gefenta su dafe ƙasa kafin ta ɗaga komai, kuma ƙarƙashin kowace ƙafa ana sa faffaɗan katako mai kauri na icen ƙirya, don kada ƙafar ta nutse. Waɗannan katakan su Baba Tsoho yake kira takalmanta. Yakan ce, "Mace mai mutunci ba ta fita aiki ba takalmi."

A tsakar gida na same su. Tabarmi sun jiƙe, sai wani ya sauko da katakan aka mai da su abin zama. Tsofaffi uku suna zaune a kan uku, na huɗun an ɗora masa tulu. Na durƙusa na gaishe su. Na so in ce ba kujeru ba ne, bakina ya ƙi buɗuwa. Haka nake tun ina ƙarama. Ko a aji, sai in san amsa ta tsaya mini a maƙogwaro har malama ta wuce wurin wata.

Na shiga ɗakin Iya, kakata, tana zaune a kan darduma ta fara takaba. Ta miƙo hannu ta ce, "Uwar miji, kin iso? Ɗanki ya tafi ya bar mu." Sunan mahaifiyar Baba Tsoho aka sa mini, shi ya sa babu mai kiran sunana a gidan. Shi Uwata yake ce mini, Iya ta ce uwar miji, 'ya'yansa kuma su ce Tsohuwa. Na zauna kusa da ita a gindin taga. Tagar tana kallon rumfar da maza suke zaune, don haka duk abin da aka faɗa a waje ya shigo kunnena.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba. Kowa zai shigo da fuska a sunkuye, ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta." A shafa addu'a. Daga nan wani ya ce, "Kai, Alhaji ke nan," shi ke nan labari ya ɓalle.

Wani dattijo mai but, wanda suka daɗe suna kafa turakun wuta tare, ya ce, "Wallahi ban taɓa ganin ya fara da kallon kaya ba. Mu muna nuna masa taransifoma, shi yana can yana dukan ƙasa da diddige kamar mai neman ramin gafiya." Ya miƙe ya gwada. Ya mai da hannuwa baya, ya karkatar da kai, ya buga diddige sau biyu, ya tsaya yana saurare. Rumfa ta ɗauki dariya.

Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, gidan rasuwa ne fa." Aka yi tsit. Can sai ya ƙara da cewa, "Amma ranar da ya kawo mana tankin alwala, sai da ya tattake harabar masallaci kaf. Har na ce masa, Alhaji, ko ajiya ka binne a nan ne?" Dariyar ta fi ta farko, har da shi Liman ɗin.

Iya ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna motsi. Ta ce mini a hankali, "Lokacin da aka kawo ni gidan nan yana aiki da masu yin titi. Kafin a kafa gadona sai da ya tattake ɗakin. Ƙawayena suka ce, ke, anya mijin nan naki ƙalau yake?"

Sai wani tsohon makiyayi daga wajen Miga ya ajiye ƙwaryar nono a gaban babana, ya ba da nasa labarin. Bijiminsa ne ya taɓa faɗawa ramin da ake haƙar ƙasar gini, aka yi ta ja da igiya aka kasa. Baba Tsoho yana dawowa daga kai kaya aka tare shi. Ya sauka cikin ramin da kansa, ya zura ɗamara biyu masu faɗi, ɗaya ta ƙirjin san, ɗaya ta cikinsa, ya cire rawaninsa ya ɗaure masa ido don kada ya firgita. Makiyayin ya ce, "Sai ga bijimi a sama yana lilo, yara suna ihu wai sa ya koyi tashi. Ana sauke shi, ana kwance masa ido, wa zai bi in ba Alhaji ba! Suka yi ta zagaye mota. Alhaji ya haye sama yana haki, ya ce mini, ka gani ko, wanda ka ɗaga shi yake fara bin ka da ƙaho." Ya ce Baba Tsoho bai karɓi komai ba, cewa ya yi in an samu nono a kai wa uwarsa. "To ga shi na kawo, ban san ko tana raye ba." Babana ya ce, "Tana raye, tana aji uku a sakandare." Aka sake fashewa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baffa, ƙanin babana, wanda ya je ya ɗauko ni a adaidaita sahunsa. Yana zaune a can ƙarshen rumfa, ya juya wa motar baya.

Ni na san Mai Hannu ne saboda Baba Tsoho yakan tafi da ni aiki ranar Asabar da lokacin hutu. Ya ce ni kaɗai ce a jikokinsa nake zama inda aka ajiye ni. Aikina shi ne riƙe masa hula da filas ɗin shayi. Na ga ta ɗora janareta a kan dakalinsa, na ga ta sauke bulo da bututan kwalbati, na ga ta ɗauko motar da ta faɗa kwata kamar yadda kyanwa take ɗaukar ɗanta.

Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye shi ina hannun yake samun ƙarfi. Ya ji daɗi ƙwarai, don ba kullum nake tambaya ba. Ya nuna mini cewa injin da ke tafiyar da motar, idan ta tsaya, shi ne yake juya wani famfo. Famfon yana tura mai ta cikin baƙaƙen tiyo zuwa wasu bututan ƙarfe masu sanda mai sheƙi a ciki. Mai ya tura sanda, sanda ta tura hannu. Ya ce, "Ba ƙarfe ne yake ɗaga ƙarfe ba, Uwata. Mai ne, abu mai laushi. Shi ya sa ban yarda da mai faɗa ba." A gefen motar akwai jerin libobi, wato ƙananan sandunan ƙarfe da ake ja da hannu. Ɗaya tana ɗaga hannun, ɗaya tana juya shi hagu ko dama, ɗaya tana miƙar da shi ya fito gaɓa-gaɓa kamar eriyar rediyo, ɗaya tana sakin igiyar waya da ƙugiya. Can a gefe guda akwai ta sauke ƙafafu, wadda ya ɗaura wa jan ƙyalle. Ita ake fara taɓawa, ita ake gamawa da ita.

Ya kuma sa ni na ɗauki bokitin ruwa na rungume shi a ƙirji. Ya ce, "Da nauyi?" Na ce a'a. Ya ce, "To miƙe hannu da shi." Ina miƙewa na tafi gaba, ruwan ya zube a ƙafarsa. Ya yi ta dariya yana yarfe wando. Ya ce haka Mai Hannu take. Abin da za ta ɗaga a kusa da jikinta, in ta miƙa hannu nesa ba za ta iya rabinsa ba, kuma duk nauyin a kan ƙafar gefen nan yake sauka. "Hannu yana sama, amma aikin a ƙasa yake. Kafin ka tambayi kaya nauyinsa, tambayi ƙasa ƙarfinta."

Yana da wasu dokokin. Kafin ya ɗaga hannu sai ya duba sama ko akwai wayar wuta. Mutum ɗaya ne kawai yake ba shi alama da hannu, in mutum biyu suka fara nuni sai ya saki liba ya zuba shayi, ya ce in sun gama shawara su sanar da shi. Wanda ya tsaya ƙarƙashin kaya kuwa, ko mai unguwa ne, sai ya ji, "Ranka ya daɗe, wannan inuwar ba ta hutawa ba ce."

A lokacin Baffa ne na hannun damansa. Ya iya liba sosai, har Baba Tsoho yakan ce, a bayan idonsa, yaron nan zai iya ajiye ƙwai a kan kwalba. Matsalarsa ɗaya, gaggawa.

Ina wurin ranar da suka saɓa. Da damina ne, za a sauke wa wani mutum kwantenar shago a bakin titi. Aka kira la'asar, Baba Tsoho ya tafi masallaci. Hadari ya haɗo, mai shago ya dami Baffa da a yi a gama. Baffa ya sauke ƙafafu a kan ƙasa haka nan, bai sa katakan ba. Ashe wurin tsohon rami ne da aka cike da shara. Kwantena ta tashi lafiya. Yana miƙa hannun gefe, sai ƙafa ɗaya ta lume kamar an taka tuwo. Motar ta karkata, tayoyin ɗaya gefen suka bar ƙasa. Kwantenar ta sauko a kan teburin wani mai shayi. Allah ya taimaka mai shayin bai fito ba tukuna, kuma da gefen kwantenar ya dafe ƙasa sai motar ta tsaya ba ta kife ba. Tebur da benci dai sun zama icen girki.

Baba Tsoho ya iso da carbi a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya fara duba ko wani ya ji rauni, sannan ya sassauta igiya, ya janye hannun a hankali har tayoyi suka koma ƙasa. Sai ya dubi Baffa ya ce, "Ina takalmanta?"

Baffa ya ce, "Baba, nauyi ne da su, ga su ba wurin kamawa, sulɓewa suke yi. Kuma na ga ƙasar a bushe take."

Baba Tsoho ya ce, a gaban mai shago da duk 'yan kallo, "Matsa daga nan. Kada hannunka ya ƙara taɓa liba sai na ce."

Washegari shi da kansa ya kai wa mai shayi sabon tebur. Baffa kuwa ya koma tuƙin adaidaita sahu. Ba su yi gaba da juna ba. Kowace Juma'a sai ya zo da goro ya durƙusa ya gaishe shi, su yi hirar damina da tsadar mai. Amma maganar mota ba ta sake haɗa su ba. Shekaru suka wuce, Baba Tsoho bai ce ba, Baffa bai tambaya ba. Idan zai shiga gida ma ta bayan motar yake zagayawa.

A dogon hutun da ya wuce jikin Baba Tsoho ya fara ƙi. Ƙafafunsa suka kumbura, ya daina fita aiki. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Mutanen ƙauyen da aka haife shi, kusa da Miga, sun haɗa hannu sun haƙa rijiyar burtsatse, sun kafa dogon gadon ƙarfe, sun sayo babban tankin ƙarfe. Tankin yana zaune a ƙasa, mata suna ci gaba da zuwa nesa ɗibar ruwa. Ya yi musu alkawarin da zarar hanya ta bushe zai zo ya ɗora shi.

Wata safiya ya sa aka sauko masa da takalman huɗu gindin dalbejiyar ƙofar gida. Ya aro abin huda katako wurin kafinta, ya huda kowanne wuri biyu, ya zura igiya mai kauri, ya sa mata riga da guntun tsohon tiyo don kada ta ci hannu. Ni nake riƙe masa bakin igiyar yana ƙullawa. Da ya gama na farko ya zura hannunsa ya gwada. Na lura mariƙin ya yi masa yawa ƙwarai. Hannun Baba Tsoho ƙarami ne, ga ciwo ya ƙara ramar da shi.

Na ce, "Baba Tsoho, ya yi maka faɗi."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Uwata, idonki ya fi bakinki aiki. Wa ya ce miki nawa ne? Akwai wani mai hannu kamar shebur, wai takalma suna sulɓe masa. To yanzu sai mu ga hujjar rago."

Na ce, "In faɗa masa?"

Ya ce, "A'a. Ranar tankin Miga zan aika a kira shi. In zauna a inuwa da shayina in ga abin da zai yi. Horon ya isa haka."

Na koma makaranta. Hanya ba ta kai ga bushewa ba Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku mutanen ƙauyen suka zo a mota guda. Bayan an shafa addu'a, babbansu ya ce ya san ba lokacin maganar ba ne, amma jama'a sun ce a tambaya, ya za a yi da tanki? Babana malamin makaranta ne, ko keke bai cika yarda da shi ba. Ya juya ya dubi Baffa.

Baffa ya ce, "Yaya, ka san abin da ya ce. Sai ya ce. Bai ce ba har ya tafi. Ban tsallake maganarsa yana raye ba, ba zan tsallake ta yana kabari ba. A nemi wani ya ɗora musu. Motar kuma in kun ga dama ku sayar, ni na gama da ita."

Ina gindin taga ina ji. Maganar ta taho ta tsaya mini a inda ta saba tsayawa. Ta yaya zan fita rumfa cike da maza in ce na san abin da ba su sani ba? Na dubi Iya, idonta a rufe tana jan carbi.

Sai na ji wari. Ba warin ice ba, warin tsohon mai da roba. Na leƙa tsakar gida. Goggo, yayar su babana, wadda take aure a nesa ba ta san kan motar ba, ita take kula da girkin sadaka. Icen duk ya jiƙe, hayaƙi ya hana ta sakat. Ta ga busasshen katako da mai ya ratsa, ta sauke tulu, ta tura gefensa cikin murhu ƙarƙashin babbar tukunya.

Ban san lokacin da na fita ba. Na kama mariƙin na fizgo shi da hannu biyu, na kwarara masa ruwan buta. Na ce, "Goggo, takalminta ne!" Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka ba.

Goggo ta riƙe haɓa. "Takalmin wa? Yau na ga ikon Allah. Bebiya ta yi magana, kuma a kan icen girki! Ke Tsohuwa, ki ba ni abina shinkafa ta dahu."

Na ja shi har ƙofar ɗakin Iya. Gefe ɗaya ya yi baƙi, amma igiyar ba ta ƙone ba, tiyon ne kawai ya ɗan narke a baki. Iya ta buɗe ido ta dube ni, ta dubi katakon, ta ce a kira mata ƙaramin. Baffa ya shigo ya durƙusa.

Na ce, "Baffa, sa hannunka a nan."

Ya ce, "Tsohuwa, me kuma ya faru? Ba lokacin wasa ba ne."

Na ce, "Ka sa dai."

Goggo ta riga shi. Ta zura nata tana cewa bari ta ga abin da ake wa ihu. Hannunta ya shige har da awarwaro, da sauran wuri. Sai Baffa ya sa nasa. Ya zauna cif, kamar an auna.

Na faɗi abin da ya faru a gindin dalbejiya. Ban rage komai ba, har da shebur, har da rago, har da shayi a inuwa. Ina magana ina kallon ƙasa. Goggo ta tafa hannu ta ce, "Wallahi bakin Baba ne! Yarinyar nan ba za ta iya ƙirƙiro rago ba."

Baffa bai cire hannunsa ba. Ya ce, "Amma Iya, bai ce ba. Da bakinsa bai ce ba."

Iya ta ce, "Ya ce. Ubanku bai taɓa iya ba da haƙuri da baki ba. Idan ya ɓata mini rai, sai in wayi gari in ga an gyara ƙofar madafa, ko an ɗaura sabuwar igiyar shanya. Kai naka wannan ne. Mutum yana fama da kumburin ƙafa ya zauna ya huda ƙirya har huɗu, ka ce bai ce ba? Ga kuma uwarsa ta ba da shaida. Ka fi uwarsa sanin ɗanta ne?"

Baffa ya zauna a ƙasa daɓas, hannunsa na cikin igiyar. Ya yi kukan da bai yi a rumfa ba. Can ya share ido da gefen riga ya ce, "Rago. Har ya tafi bai fasa ba." Sai dariya ta ƙwace masa, Goggo ma haka, shinkafa kuwa ta kama a gindi, kowa ya ci ba tare da ƙorafi ba.

Bayan an yi arba'in, an girbe gero, hanya ta bushe, muka tafi Miga. Ranar Asabar ce, Baffa ya roƙi babana aka karɓo ni daga makaranta. Ya ce ba zai je ba sai da mai riƙe filas. Dattijon nan mai but ya biyo mu don ya ba da alama.

Duk ƙauyen ya fito. Baffa ya sauka, bai ko dubi tankin ba. Ya dubi sama, babu waya. Sai ya mai da hannuwa baya, ya karkatar da kai, ya buga diddige sau biyu. Tsofaffin wurin suka fara dariya, wata ta ce, "La ilaha, ga Alhaji ya dawo!" Shi ko a jikinsa. Ya ci gaba da takawa har ya zo wani wuri ya tsaya, ya sake bugawa. Ya tambaya, aka ce da can akwai gidan gara a nan. Ya shiga mota ya matsar da ita gaba kaɗan. Sannan ya ɗauko takalman, biyu a kowane hannu, ya ajiye kowanne a wurinsa. Mai baƙin gefen ya sa shi a ƙafar da za ta fi ɗaukar nauyi. Ya taɓa libar mai jan ƙyalle, ƙafafu suka sauko suka dafe, motar ta ɗan ɗago ta daidaita.

Aka zagaya tankin da ɗamara, aka ɗaura masa dogayen igiyoyi biyu da mutane za su riƙe daga nesa don kada ya juya. Baffa ya kori kowa daga ƙarƙashi, har mai gari. Ya yi bisimilla. Tankin ya bar ƙasa kamar taki ɗaya, ya tsayar da shi a nan, ya zagaya ya duba ƙafafun huɗu. Babu wadda ta motsa. Sai hannun ya fara miƙewa gaɓa-gaɓa, tankin yana hawa a hankali har ya wuce kan bishiyar kuka ƙarama da ke gefe. Dattijon ya dunƙule hannu, Baffa ya tsaya. Ya nuna ƙasa da yatsa, tankin ya sauka a kan gadonsa, ko ƙara bai yi ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa sai a lokacin na lura na matse filas a ƙirji har hannuna ya yi tsami.

Na zuba shayi a murfin filas na ajiye a inuwa, inda na san da nan zai zauna. Tsohon makiyayin nan yana wurin, shi ya ɗauka ya sha, ya yi wa Baba Tsoho addu'a. Allah ya ji ƙan Baba Tsoho, ya yafe masa kurakuransa, ya sa duk wanda ya sha ruwan nan ladan ya kai gare shi. Yadda bai taɓa barin kaya ya faɗo a kan kowa ba, Allah ya sauƙaƙa masa nasa nauyin ranar tsayuwa.

A hanyar dawowa Dutse Baffa yana ta waƙe-waƙe a ƙasan maƙoshi. Da muka fara hango duwatsu ya ce, "Tsohuwa, yau sai abin da kika ce. Tsire ko kilishi? Ko atamfa zan yanko miki?"

Maganar ta zo maƙogwaro, wannan karon ban bar ta ta tsaya ba.

Na ce, "Baffa, in an yi hutu ka koya mini liba. Ba ta hannun ba. Mai jan ƙyallen nake so ka fara nuna mini."